Robar Zanin Gadon Rahma

Malam Badamasi bai san akwai zanin gado mai roba a duniya ba sai da matarsa ta kwanta ciwo. Shi a saninsa zani zani ne, a shimfiɗa a kwanta, in ya tattare a sa ƙafa a miƙar da shi. Ba laifinsa ba ne. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin kanal, a wani ɗan ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, yana noman rani tun lokacin da aka fara sako ruwan Tiga. Ka tambaye shi ranar da tumatir zai nuna, ko wace albasa ce za ta yi ajiya, ko daga barci ka tashe shi zai faɗa maka. Amma abin da ya shafi ɗaki, tun daga labule har matashin kai, wannan gonar Rahma ce, bai taɓa sa mata fartanya ba.

Bayan ƙaramar salla ne Rahma ta faɗi, tana tsakar gida tana shanya. Aka kai ta asibiti a Kano, likita ya ce hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye. Da aka dawo da ita ƙafa ba ta taku, hannun dama ya dunƙule ƙam, magana kuma ta tafi, sai ɗan sauti da ido. Matar da rabin yaran garin da ɗinkinta suke zuwa idi, ga keken ɗinkinta can a lungu an lulluɓe shi da tsohon zani. 'Yarsu ɗaya ce tal, Sa'a, tana aure a Gombe. Ta zo ta yi iya yinta, ga tsohon ciki, dole ta koma ɗakinta. Daga nan jinya ta dawo hannun Badamasi.

Kafin Sa'a ta tafi aka sayo zanin. Akwai wata 'yar Filato mai kemis a bakin gada, sunanta Ann, amma duk garin Maman Gidiyon ake ce mata. Ta taɓa aikin asibiti, ita ce ke zuwa duba jinin Rahma. Ita ta zaunar da su ta yi musu bayani.

“Malam,” in ji ta, “mai doguwar kwanciya ba ciwonsa ne abin tsoro ba, gyambo ne. Zani ya ɗan tattare a ƙarƙashinta, yau fata ta yi ja, gobe ta buɗe. In ta buɗe kuwa, rufewa sai Allah. Ka riƙa juya ta, ka kuma tabbata shimfiɗarta a miƙe take kamar fatar ganga.”

Sa'a ta shiga Kano, ta birkice 'yan gwanjon Ƙofar Wambai, ta samo wani shuɗi mai ƙananan furanni. An ɗinke kusurwoyinsa huɗu, an zarga roba a bakinsa, sai ka sa wa katifa shi kamar hula, ya kama ta cif. Badamasi ya juya shi ya sake juyawa, ya ce lallai Bature bai rasa aikin yi ba.

Ya koyi jinya yadda ya koyi noma, da yi da kuskure. Ya iya ɗaga ta ba tare da ya ja kafaɗar da ta mutu ba. Ya iya ba ta koko a cokali, ya san gefen bakin da ke zubarwa. Abinci matar ƙanensa Uba ke miƙowa ta kan katanga, sauran kuwa duk shi ne, har wanka da wanki. Abokan majalisa suka raɗa masa suna Nas Badamasi, in ya zo wucewa a keke su ce a ba likita hanya. Shi ma dariya yake yi, domin bai ga abin fushi ba. Duk abin da yake yi mata, ita ta yi masa ninkinsa tun yana da baƙin gashi, ba wanda ya raɗa mata suna.

Mutum ɗaya ce ba ta ga abin dariya ba, Saude, yayar Rahma da ke Madobi. Ita ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi mata kayan ɗaki, saboda haka a wurin Badamasi ba yayar mata ba ce kawai, suruka ce. Ta zo dubiya, ta zauna ta ga yadda yake kai da kawo da kwanon wanka, ta bari ya gama, sannan ta kira shi.

“Malam Badamasi, ba raini ba ne, ka yi ƙoƙari, Allah ya saka. Amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ka ba ni ita in tafi da ita gida. Ga ni, ga matan 'ya'yana. In ta ji sauƙi a dawo maka da abarka.”

Yana tsugune, kansa a ƙasa. Ya san wannan magana, ya sha ganin ƙarshenta. Mace mai irin wannan ciwo in aka ce an tafi da ita gida jinya, da wuya ta sake taka ɗakinta. Miji ya koma baƙo, ya zo ranar Juma'a da ledar lemo, a shigar da shi ya gaishe ta a gaban mutane, ya fito. Abin da Badamasi ke tsoro ke nan, ya fi tsoronsa a kan tsutsar tumatir da yankewar ruwa a haɗe. Ba ya son a raba shi da ita.

“Yaya, a ƙara mini lokaci,” in ji shi.

Saude ta daɗe tana kallon ƙanwarta. “To, na ƙara. Amma ka ji da kyau. Ran da na ga ko ɗigon ciwo a bayanta, ba sai na sake roƙonka ba.”

“Na yarda.”

Abin da ya kashe robar zanin ba ƙazanta ba ce, tsafta ce ta yi yawa. Da yake zanin ɗaya ne, kullum da safe sai ya cire shi, ya tafasa ruwa ya zuba masa, ya cuɗa shi da hannun nan nasa na manomi, sannan ya shanya shi a kan kwanon rumfar awaki don ya bushe kafin azahar. Ga bazara ta shigo, kwanon nan ko ƙwai ka fasa a kai sai ya soyu. Robar da dama ta sha duniya a gadon wani kafin ta iso gwanjo, ina za ta iya? Ta fara saki a hankali. Yau kusurwa ɗaya ta zame, gobe biyu. Ya tura ta ƙarƙashin katifa, ta fito. Ya danne da dutse, dutsen ya faɗo.

Ranar Alhamis da safe ya ɗaga Rahma ya tarar zanin ya tattaru a ƙarƙashinta kamar kunyar gona. A ƙasan bayanta, daidai kan ƙashi, ga wani ja mai girman ƙwandala. Ya danna da yatsa, jan bai gushe ba. Ya sauke mata riga. Bai gama wanke hannu ba Uba ya leƙo ta katanga da wayarsa a hannu, ya ce an bugo daga Madobi, Yaya Saude na nan tafe ranar Lahadi.

To, a bakin kanal roba ɗaya aka sani, ita ce ta tsohon tib ɗin taya. Da ita ake ɗaure tiyo a bakin injin ban ruwa, da ita ake ɗaure kwandon tumatir a bayan babur, ƙotar fartanya in ta tsage ita ce maganinta. Wajen Badamasi duk abin da ya saki a duniya, robar taya za ta kama shi. Ya jingina Rahma da bango a kan tabarma, ya kewaye ta da matasai, ya ɗauko reza ya yanko doguwar roba baƙa wuluk. Ya ɗauko basillar ɗinkin buhu da zarenta, ya zauna ya bi bakin zanin yana ɗinkawa yana ja, irin jan da yake yi wa tiyo don kada ruwa ya tsiyaya. Rahma tana kallonsa tana wani ɗan gurnani, shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

“Kwantar da hankalinki,” in ji shi. “Wannan har jikokinmu.”

Ya sa kusurwa ta farko da ta biyu lafiya. Ta uku sai da ya sa gwiwa. Da ya ci ƙarfin ta huɗu ya saki, sai katifar soso ta ɗaga kai da ƙafa, ta lanƙwashe ta zama kwale-kwale a kan gado. Ya danne kai, ƙafa ta tashi. Ya danne ƙafa, kai ya tashi. Ya haye tsakiya ya baje hannuwa da ƙafafu, ana cikin haka kusurwa ɗaya ta kuɓuce, robar ta zo ta tsula masa a kunne, tas! Garin neman gira an kusa rasa ido.

Sai ya ji wani sauti a bayansa, ya zabura, yana zaton ta shaƙe ne. Ashe dariya take yi. Rabin fuska na dariya, rabi na tsaye, kafaɗar hagu na rawa, hawaye na zuba. Tun ran da ta faɗi bai ji wannan ba. Ya zauna a bakin gado riƙe da kunne, shi ma ya yi ta yi har cikinsa ya ƙulle, kuma a ransa ya ji ko kunnen ya cire bai yi asara ba.

Da ta huta, ta bugi tabarma da hannun hagu, ta nuna lungu. Ya kawo mata buta, ta girgiza kai. Ya kawo mafici, ta yi tsaki. Ciwo ya ɗauke magana amma ya bar mata tsaki, kuma bai rage masa kaifi ba. Sai a karo na uku ya gane keken ɗinki take nufi. Ya yaye zanin, ya zaro aljihun keken ya ajiye mata a cinya. Ta tona cikin zare da maɓallai, ta fito da wani guntun farar roba, faɗinta bai kai ɗan yatsa ba. Ta kama gefe da haƙori, ta ja da hannu, ta saki. Ta nuna robar, ta nuna zanin, ta zagaya da yatsa a iska. Sannan ta nuna baƙar robarsa, ta nuna ƙofa.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a a Kura, ya nemi shagon masu kayan teloli, ya ajiye guntun a kan tebur ya ce a ba shi irinsa, mai yawa. Mai shagon ya dubi furfurarsa, ya dubi tafin hannunsa da ya faffashe.

“Baba, wandunan jikoki za a yi?”

“Wandon katifa ne,” in ji Badamasi.

Asabar ba a yi aikin ba. Ranar da ake sakar wa gonarsa ruwan kanal ce, albasa kuma ba ta san ana jinya ba. Da ya dawo da la'asar sai warware ɗinkin basilla, wanda dama ba a yi shi don a warware ba, ya kai shi har magariba. Duk kwanakin nan a gefe yake kwantar da ita, yana shafa mata man da Maman Gidiyon ta bayar. Jan bai ƙaru ba, amma tsakiyarsa ya ɗan sale, kamar fatar tumatir in ta sha rana. Yana gani, yana kau da kai, yana sake dubawa.

Lahadi da hantsi suka zauna a tabarma gwiwa da gwiwa, zanin a tsakaninsu. Ita ce mai aiki, shi hannu ne kawai. Ta juya bakin zanin ta nuna masa ƙubakar da aka zarga robar a ciki, irin ta wando, ta sa farce a kan ɗinki biyu, ta nuna reza. Ya ɗaga reza zai yi mata yankan buhu, ta buge masa hannu. Biyun nan kawai ya tsinke. Ya sa yatsa ya jawo tsohuwar robar, ta fito a sake tana marmashewa. Ta sa shi ya bi bakin zanin da sabuwar ya auna zagaye guda, sannan ta sa ya rage wajen kashi ɗaya cikin uku, ya yanke. Ya so ya yi gardama, don a ganinsa ta yi kaɗan, sai ya tuna kwale-kwale ya yi shiru.

Ta miƙo masa fil mai makulli, ya soke bakin robar ya kulle, ya tura cikin ƙubaka. Turawa ake yi a tattaro zani a kan fil, a riƙe kansa, a ja zanin baya. Yana cikin yi sai wani abu ya faɗo masa a rai. Shi fa bai taɓa zarga mazagin wandonsa ba. Tun da ya yi aure, duk wandon da ya ɗauka a shirye yake samunsa, har ya ɗauka haka wando yake zuwa. Ya ɗago ya dube ta, ita kuwa zanin take kallo, ta yi masa alama ya ci gaba.

Hannu ya fara sabawa, sai ya ƙara sauri. Ya kai kusurwa ta biyu yana jin kansa tela, ya ba da wani ja mai ƙarfi, wutsiyar robar ta shige ƙubaka ta ɓace. Tsakin da Rahma ta yi har awaki sai da suka ɗago kai. Dole aka zaro aka koma farko.

A karo na biyu ita ta ɗauki wutsiyar. Ta dubi hannun hagunta, tana buƙatarsa wajen baza tattarar zanin. Sai ta kama robar ta cusa ta tsakanin yatsun hannun dama, wannan dunƙulallen da kullum sai ya yi lallashi kafin ya buɗe shi ya wanke. Ta ja ta gwada. Hannun ya riƙe gam. Ta daɗe tana kallonsa, kamar ta ga wani ɗan'uwa da ya daɗe a tafiya. Shi dai Badamasi ya sunkuya ya ci gaba da tura fil. Yana turawa, tana bazawa, hannun da aka fid da rai da shi yana riƙe da nasa aikin.

Sun wuce rabi ke nan aka yi hon a ƙofar gida. Saude ce, da ɗanta Dalhatu mai tasi. Ta yi sallama ta shigo, aka gaisa, aka tambayi mai jiki, aka tambayi Sa'a da nauyinta. Ta sha ruwa. Sannan ta ajiye kofi ta ce, “Bari in ga bayanta.”

Yana iya cewa yanzu ya gyara mata zama, a bari sai anjima. Yana iya ɗaga rigar ta sama inda fata take lafiya lau, ɗakin ma ba haske sosai, idon Saude kuma ya fara rauni. Duk wannan ya zo masa a rai, ba a ce bai zo ba. Amma in ya ɓoye abin ya buɗe, jikin wa zai ci? Ya karkata Rahma a hankali ya jingina ta da ƙirjinsa, ya janye labule haske ya shigo, ya sa yatsa ya nuna wurin da kansa.

Saude ta sunkuya ta duba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

“Tun yaushe?”

“Tun Alhamis, Yaya. Robar zanin ce ta saki. Ita muke gyarawa.”

Ta gyara wa ƙanwarta riga. Ta ɗaga murya ta ce, “Dalhatu, juyo da motar, ka buɗe baya.”

Badamasi bai hana ba. Alkawari kaya ne, kuma da bakinsa ya ɗauka. Yana zaune yana kallo Saude ta buɗe akwati tana zuba zannuwa a jakar bakko, ta haɗa magunguna, ta ɗauki carbi da man shafawa. Da ta gama ta zo ta janye zanin gadon daga cinyar Rahma don a ɗaga ta, sai zanin ya ƙi zuwa. Ta bi robar da ido har cikin dunƙulallen hannun. Ta kama yatsun tana ƙoƙarin ɓamɓarewa.

“Ke Rahma, saki mana.”

Rahma ta ɗora hannun hagu a kan na dama ta rufe. Ta dubi yayarta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya, ta yi wani sauti daga ƙirji. Saude ta ja baya.

“Yaya,” in ji Badamasi, “a bari mu ƙarasa. Ko a can ma sai an nemi zanin.”

Saude ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna. “Ku ƙarasa.”

Tun da aka fara ɗinki a ƙasar Kano ba a taɓa tura fil a hankali irin na ranar ba. Ya tura kaɗan, ya tsaya ya gyara tattara. Ya tura kaɗan, ya duba ko robar ta murɗe, alhali ya san ba ta murɗe ba. Rahma, wadda ɗazu take yi masa tsaki, yanzu ba ta gaggauta shi ba, tana bin zanin da tafin hannu tana shafawa. Daga waje ana jin injin wani yana jan ruwa, da Dalhatu yana hira da Uba a kan farashin albasa. Amma ƙubaka komai tsawonta tana da ƙarshe. Kan fil ya leƙo daidai inda ya shiga.

Saura a haɗa baki biyu a ɗinke, kuma ɗaya bakin yana hannunta. Wannan karon shi ya kama hannun. Ya san hanyarsa, ba da ƙarfi ake yi ba. Ya lanƙwasa wuyan hannun ƙasa kaɗan, ya shafa gindin babban yatsa, ya jira. Yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ya zare robar, ta bar shaida a tafin. Rahma ta kau da kai wajen bango, hawaye na bin kuncinta, ba irin na ranar Alhamis ba.

Ya ɗora baki kan baki ya ɗinke da ƙaramar allurarta, ɗinkin ya fito kamar sawun kaza, amma ya kama. Ya rufe ƙubakar. Ya tashi ya sa wa katifa, kusurwa huɗu suka zauna cif, ba kwale-kwale, ba tattara. Saude ta miƙe ta bi shi da tafin hannu tun daga kai har ƙafa.

“Ya yi,” in ji ta. “Dalhatu, zo ka ɗauki katifar yadda take, ka ɗaure a sama.”

Shi ya ɗauki Rahma da kansa, bai bar kowa ya taɓa ba. Ya kwantar da ita a kujerar baya a kan gefenta, ya tokare bayan da matashi don kada wurin ya taɓa komai. Ta kama hannun rigarsa da hagu. Ya zare a hankali, ya koma cikin gida.

Ɗakin ya yi faɗi. Gado ba katifa, sai katako. Ga aljihun keken a tabarma, ga reza, ga ragowar farar roba. Ya tsaya a tsakiya yana tunanin gobe da asuba, in ya dawo daga masallaci, wa zai juya, wa zai dama wa koko. Ya ga abin ba zai yiwu ba, kuma bai daɗe yana shawara ba. Ya ciro riguna biyu daga ƙusa, ya ɗauki buta, ya naɗe tabarma. A tsakar gida ya ɗaga murya.

“Uba! Albasar nan da awakin suna hannunka. Ranar ruwa Asabar ce, kada ka bari Datti na gonar kusa da mu ya riga ka buɗewa.”

Ya ja ƙofa ya sa kwaɗo.

Wanda bai san Badamasi ba ba zai gane girman abin ba. Mutumin nan tun yana saurayi bai taɓa cin loma a gidan su Rahma ba. In ya je Madobi, tun daga bakin lungu yake cire takalmi, ruwa ma sai ya juya baya yake kurɓa. A garinsu kuwa namijin da ya kwana gidan surukai ya ba 'yan majalisa abin taunawa har ya mutu, jikokinsa ma sai an gaya musu. Ya san duk wannan sarai, ya buɗe ƙofar baya ya tura tabarmarsa ƙarƙashin kujera.

Saude ta waiwayo daga gaba. “Ina zuwa da tabarma?”

“Madobi, Yaya.”

“Ka raka mu ka dawo?”

“A'a. Ai akwai zaure.”

“Innalillahi! Badamasi, da furfurarka? Gidan surukai? Me kake so mutane su ce?”

“Su faɗi abin da suka ga dama,” in ji shi, kansa a ƙasa kamar kullum. “Na yi alkawari za ki tafi da ita, ga ta nan, ban hana ba. Amma ban yi alkawarin zan zauna ba.”

Dalhatu ya kama sitiyari da hannu biyu yana kallon gabansa, kamar ba da Hausa ake magana ba. Saude ta dubi ƙanwarta, ta ga hannun hagun ya riga ya sake kama rigar tun kafin mutumin ya gama zama. Ta juya ta fuskanci titi, ta ja gefen mayafi ta goge fuska.

“Dalhatu, ja mu tafi, ka bi a hankali a kan gada,” in ji ta daga baya. “In mun isa ka ce wa matarka ta share ɗakin babanku. Zauren nan sauro gare shi.”

Badamasi ya ɗaga kan Rahma ya ɗora a cinyarsa. Kafin su hau kwalta ta yi barci.